Daga Awara Zuwa Mangwaro

Shafi na 14

Masu bina har akwatin saƙo da tambayar ko Dasom ta gaya wa Babanta, ku sassauta mini. Makon haɗa kimci ne, kabejin nan mai yaji da 'yan Koriya ke tanada don hunturu, ni ma har yanzu yatsuna raɗaɗin barkono suke yi. Ga shi dai, a gyara zama.

*

"Yau ne ko sai gobe?"

Gwaggo Okbun ce ta jefo tambayar ba tare da ta ɗago kai ba. Hannuwanta na cikin jar safar roba har gwiwa, tana buɗe ganyen kabeji ɗaya bayan ɗaya tana shafa masa haɗin barkono da tafarnuwa kamar mai shafa wa jariri mai.

Dasom ta yi kamar ba da ita ake ba, ta jawo wani kabejin daga kwando.

"Da ke nake, 'yar Taegon."

"Gwaggo, don Allah rage murya."

"Muryata ce, tun kafin a haifi ubanki nake amfani da ita. Na ce yau za ki gaya masa ko sai gobe?"

"Zan gaya masa."

"Zan gaya masa, zan gaya masa. Tun ana kwana da fanka nake jin zan gaya masa, ga shi yau rigar sanyi biyu ce a jikina. Akwatinki ya cinye mini rabin ɗaki. Shekaranjiya sai da na yi tuntuɓe da shi, har yanzu babban yatsana bai huce ba."

Dasom ta ƙunshe dariya. Ta saci kallon ƙofar bayan shago, inda tururi ke fitowa fari tas yana narkewa cikin sanyin hantsi. Can ciki Babanta yake, a gaban tukunyar awara. Yau shagon a rufe yake saboda haɗin kimci, amma Baba bai san ranar da ba a kunna wuta ba.

Ba wai ba ta shirya ba ne. Shiri kam ta gama shi tsaf. Bizar nan da Ostireliya ke bai wa matasa, wadda mutum zai je ya shekara yana aiki yana zaga ƙasa, tana hannunta tun sanyin bara. Dab da ƙofa za ta rufe mata ta nema, don ba a bai wa wanda ya haura talatin, ita kuwa yanzu ta haura. In ta bari wa'adin shiga ƙasar ya wuce, shi ke nan, ba za ta ƙara samu ba. Ga shi kwanakin sun zo gangara. Tikiti na nan. Masu gonar mangwaron da za ta fara aiki sun ce suna jira. Takalmin gona da hular rana da doguwar safar hannu duk suna cikin akwati a gidan Gwaggo.

Abu ɗaya ya rage, buɗe baki.

Tun rasuwar Mama da ta ajiye aikin ofis a Seoul ta dawo garinsu Gangneung da ke bakin teku, ita ce hannun daman Baba. Ita ke jiƙa wake, ita ke tacewa, ita ke yankawa, ita ke sallamar masu saye. Da wane ido za ta dubi dattijon nan ta ce masa, Baba, zan bar ka da tukunya kai kaɗai, zan tafi tsinkar mangwaro a ƙarshen duniya?

"In kin kasa, ni zan iya," in ji Gwaggo. "Ba ya mini kwarjini. Ni na goya shi."

"Gwaggo!"

"Kafin mu rufe robar ƙarshe. Iyakar lokacin da na ba ki ke nan."

Ta zaɓi wani kabeji da ya sha haɗi sosai, ta naɗe shi da ganyensa na waje, ta sa a wata 'yar roba dabam.

"Wannan kuma na waye?"

"Naki. Da busasshen kifi, da garin barkono, da waken bana. Duk na tanada."

"Ba fa za su bar ni in shiga da wake ba. A filin jirginsu har karnuka ne da su masu shinshina kaya."

Gwaggo ta dakata, ta dube ta sheƙeƙe.

"Ƙasar da ake sa kare ya shinshina abincin mutum, a kanta kike wannan rawar jikin?"

"Akwai shagunan mutanenmu a can, ana sayar da kimci."

"Na kanti?" Ta taɓe baki. "Da kimcin kanti gara ki ci shinkafarki gaya."

Dasom ta buɗe baki za ta ba ta amsa, sai suka ji takun takalmin roba. Ta haɗiye maganar.

Baba ne ya fito ɗauke da tire. Kwano uku na awara mai laushi, wadda ba a matse ba, tana ta tururi. Gajeren mutum ne, kafaɗunsa sun ɗan ranƙwafa saboda shekarun ɗaga jarkokin ruwan tekun da ake haɗa awarar da shi. Magana tsada gare ta a wurinsa. Masu saye har tsokanarsa suke, wai awararsa ta fi shi surutu.

Ya ajiye tiren a kan benci.

"A ci da zafi."

Gwaggo ta yago ganyen kabeji mai ja, ta miƙa hannu ta cusa masa a baki kamar yana ɗan shekara biyar.

"Ɗanɗana."

Ya tauna a hankali. Gwaggo kuwa ta bayan kansa sai zare wa Dasom ido take, tana nuna robar ƙarshe da haɓa.

Dasom ta cire safar hannu. Ta goge tafinta a jikin wando duk da ba abin da ya taɓa shi.

"Baba."

"Uhm."

"Ina da magana."

"Ci awarar tukuna. Ita ba ta jira."

Ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta kai cokali ɗaya baki. Ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Ta ajiye.

"Zan yi tafiya."

"Kasuwa?"

"Ostireliya."

Ta runtse ido tana jiran abin da zai biyo baya. Shiru. Da ta buɗe, sai ta gan shi yana miƙa hannu cikin roba yana yago wani ganyen.

"Gishirin bana ya yi daidai, Yaya."

"Baba, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji."

"Ba mako ɗaya ba fa. Shekara guda. Aiki zan yi a gona."

"Mangwaro," ya ce, yana lasar yatsa.

Dasom ta saki baki. Ita dai ta san ba ta ambaci mangwaro ba.

"Ya aka yi ka..."

"Kin yanke gashin da kike ta tattali."

"Aski tsada gare shi a can, shi ya sa."

"Kin dinga sintiri wurin likitan haƙori, ke da sai an ja ki. Kin karɓi motata ranar Lahadi, mai kifi ya gan ki a filin bayan kasuwa kina tuƙi a hannun hagu kamar mashayi."

Gwaggo ta yi wani irin tari don kar dariya ta ƙwace mata.

"Sannan kullum da asuba kina gaida wake da Turanci."

"Ina gaida wake?"

"Da abin nan a kunnenki. Kina juya wake kina masa surutu. Ni ban iya Turanci ba, amma mangwaro a kowane yare mangwaro ne."

Wannan karon Gwaggo kasa riƙewa ta yi. Ta tuntsire har sai da ta dafa bakin roba, barkono ya shafar mata gwiwa.

Kunya ta lulluɓe Dasom tun daga wuya har kunne. Duk laɓe-laɓen da ta sha, duk fita da kaya a ƙarƙashin kwandon wanki, ashe kifi na ganin mai jar koma.

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Maganarki ce, ba tawa ba." Ya ɗauki kwanonsa. "Ban da haka ma, an gaya mini."

Dasom ta juya ta watsa wa Gwaggo harara.

"Kar ki kalle ni," in ji Gwaggo. "Da ni na faɗa, da duk Gangneung ta ji."

"To waye?"

"Awararki na hucewa," Baba ya ce.

Ta san in ya rufe ƙofa irin wannan ba mai buɗe ta. Sai ta bar zancen, ta kama wanda ya fi damunta. Ta matso kusa da bencin, maganar na fitowa a guje kamar an ɓalle famfo.

"Baba, na tsara komai. Na roƙi mai kawo wake ya riƙa shigo da buhu har ciki, kar ka ɗaga. Ka koma tukunya ɗaya a rana. Ranar Talata ka rufe ka huta. Maganin hawan jininka na karɓo maka da yawa. Zan riƙa kira kullum, lokacinsu da namu kusan ɗaya ne. Shekara ɗaya ce kawai, kafin ka ankara na dawo na karɓi..."

"Ni ma ajiye ludayin zan yi."

Ta tsaya cak.

"Me ka ce?"

"Na gaji da awara, Dasom."

Har Gwaggo sai da ta daina shafa.

"Ba yau ba," ya ci gaba, idonsa a cikin kwano. "Tun Mamanki na da rai. Ita ce mai son tukunyar nan. Ni mijinta ne kawai."

"Baba..."

"Da muka gama zaman makoki na yi niyyar sa kwaɗo a ƙofar. Sai ga ki da akwatuna daga Seoul. Washegari da asuba na fito na tarar kin jiƙa wake. Na ce a raina, yarinyar nan birni ya ba ta wuya, ta dawo ta sami abin riƙewa. In na rufe, ina za ta sa kanta?"

Dasom ta miƙe tsaye ba tare da ta san ta miƙe ba.

"Birni ya ba ni wuya? Ni?"

"Haka na zata."

"Ba korata aka yi ba fa, Baba! Ƙarin girma ma za a yi mini! Saboda kai na dawo! Na ce in ba tukunyar nan, zaman kaɗaici zai kashe ka!"

Ya ɗago ya dube ta. Ya daɗe yana dubanta.

"To," ya ce.

"To? To kawai?"

"Wayyo cikina!" Gwaggo ta faɗa tana share hawayen dariya da kafaɗa. "Kurame biyu a gida ɗaya! Shekara da shekaru kuna riga zakara tashi, kowa na yi don kowa, ashe ba mai so! Da Mamanki na nan, da ta haɗa kawunanku ta gwara."

Amma Dasom ba dariya take ba.

"Bukukuwan ƙawayena nawa ban je ba saboda asuba? Rabona da barci har rana ta fito na manta. Bizar nan saura ƙiris ta mutu a hannuna, ina ta ɗagawa, ina ta ɗagawa, wai kar in bar ka. Dubi hannuna, Baba. Dubi!"

Ta miƙa masa su. Sun yi ja, duk sun tsage a gaɓoɓi saboda ruwan sanyi.

Bai kau da kai ba. Ya ajiye kwano ya kama su cikin nasa, waɗanda suka fi nata kaushi sau goma.

"Na gani. Kullum ina gani. Na zata so ne ya sa ba kya ƙorafi."

"Kai ma ai ba ka taɓa ƙorafi ba."

"A gida kika gado."

Hawayen suka zubo. Ta so ta ƙwace hannun, ya ƙi saki.

"Ki yi fushinki, kina da gaskiya. Da na buɗe baki da ba haka ba. Amma kar ki jira in ce na yi da-na-sani. Duk tsawon lokacin nan da 'yata nake karyawa kullum. Je ki layin nan ki tambaya, wane tsoho ne ya sami haka? Nasu sai a waya, sai ranar biki."

Dasom ta ja hanci. Ta tuna asubahin hunturu, su biyu a gaban wuta, ba mai cewa uffan, sai ƙamshin madarar wake da ƙarar ludayi. Ta tuna yadda yake turo mata ɓangaren awarar da ya fi laushi ba tare da ya dube ta ba. Ta lalubi fushin a ƙirjinta, ta tarar rabinsa ya zurare.

"Ni ma ba duka na ƙi ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

"Komai ka sani."

"Ban san za a yi miki ƙarin girma ba."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka. Gwaggo ta miƙo mata gefen zanin gabanta ta share fuska, ta manta da barkono a jiki, Dasom ta yi tsalle gefe tana ihu.

Sai da ta wanko ido a famfo ta dawo ta zauna kusa da shi.

"To in ka ajiye ludayin me za ka yi? Zama za ka yi kana kallon bango?"

Baba ya yi gyaran murya. Abin da Dasom ba ta taɓa gani ba ta gani: kunnuwansa sun yi ja.

"Taegon," Gwaggo ta ce tana ƙanƙance ido. "Mace ce?"

"Haba, Yaya."

"To mene ne kake sunne kai kamar ango?"

Baba ya tashi ya nufi 'yar motarsa ta ɗaukar kaya da ke bakin ƙofa. Suna kallo ya janye jarkoki, ya zaro wani baƙin akwati dogo daga bayansu. Ya kawo ya ajiye a kan benci, ya goge hannu sosai a jikin riga kafin ya buɗe.

Wani abin busa ne na ƙarfe, ruwan zinariya, mai lanƙwasasshen baki, sai ƙyalli yake.

"Saksofon?" Dasom ta ce. "Baba, saksofon?"

"Na hannu ne. Ba sabo ba."

"Tsaya. Ruwan tekun da kake daɗewa wurin ɗebowa da yamma..."

"Ɗibar ruwa ba ta cin lokaci."

"Ka ce mini layi ake yi!"

"Akwai layi. Mu shida ne, malami ɗaya." Ya ɗaga abin kamar mai ɗaukar jinjiri. "A cikin itatuwan bakin teku muke yi, inda ba mai jin mu. Duk tsofaffi ne. Akwai tsohon direban bas, akwai mai gyaran agogo. Sun ce in na sami lokaci da safe zan fi haka."

"Busa mu ji," in ji Gwaggo.

"Ban ƙware ba."

"Na ce busa."

Ya rataya, ya gyara tsayuwa cikin farin takalmin robarsa, ya kumbura kumatu.

Sautin farko da ya fito, saniya mai mura ce kaɗai za ta iya irinsa. Karen maƙwabta ya ɗauki haushi. Gwaggo ta toshe kunne da damtse.

Baba bai kula ba. Ya sake jan numfashi. A hankali abin ya fara daidaita, yana tuntuɓe yana tashi, har Dasom ta gane inda ya dosa. Waƙar nan ce da Mama ke yi da hanci in tana yanka awara, wadda ba wanda ya taɓa jin baitinta.

Gwaggo ta sauke hannu daga kunne. Ya busa har ƙarshe, ya kuskure ƙarshen ma.

"Ba laifi," ta ce tana kallon wani wuri. "Kare dai bai yaba ba."

Dasom ta tafa masa da jajayen hannuwanta. Rabon da ta ga fuskarsa a sake haka tun Mama na raye. Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi ya sauka, har ta ji iska na shiga ƙirjinta sosai. Sai kuma idonta ya faɗa kan ƙofar shago, tururin ya fara ja baya. Murmushin ya ragu.

"Amma Baba... shagon fa?"

"Me ya same shi?"

"Kar ka rufe."

Ya ɗaga gira.

"Tukunyar Mama ce. Mutane tun daga Seoul suke zuwa saboda ita. Ni dai... ina so in na dawo in tarar da wuta a kunne."

"Iye," in ji Baba, yana mayar da saksofon cikin akwati. "Ke ki tashi sama ki tafi yawon duniya, ni kuma ki ɗaure ni a turke kamar akuya, don in kin dawo ki same ni inda kika bar ni."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ne mana. Ba laifi ba ne, duk mai tafiya haka yake so. Amma zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ba ke kaɗai karin maganar ta shafa ba."

Ta sunkuyar da kai. Gaskiya ce, kuma ta yi ɗaci.

Ya rufe akwatin, ya ɗan bubbuga shi.

"Kwantar da hankalinki. Ban ce zan rufe ba, cewa na yi zan ajiye ludayi. Akwai mai karɓa."

"Mai karɓa? Sayarwa ka yi?"

"A'a. Riƙo. In kin dawo kina so, ku daidaita. In ba kya so, shi ke nan."

"Waye? Ya iya? Baba, awarar nan ba a koyonta a mako ɗaya. In aka zuba ruwan tekun da gaggawa..."

"An koya. Duk yammar da kika tafi gidan Gwaggonki shirya akwati, nan ana koyo. Hannun da kyau. Ya fi naki haƙuri."

"Ɗan Kawu ne?"

"Wannan ko ruwan zafi ba zan bar masa ba."

"To waye?"

"Na ce a zo cin sabon kimci. Yanzu za ki gani."

Dasom ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta ɗaga kafaɗa, alamar wannan karon ita ma a duhu take, kuma abin ya ba ta haushi.

Dasom ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. Ko waye ne, tunda Baba ya yaba hannunsa, ta yarda. Wuta ba za ta mutu ba. Baba zai yi busarsa. Ita kuma za ta hau jirgi ba tare da ta waiwaya da nauyin zuciya ba. Sai yanzu ta ji yunwa. Ta jawo kwanon awarar da ta huce, ta ɗora mata kimci, ta cinye tas har da kurɓe ruwan.

"Can yanzu zafi ake," ta ce baki cike. "Ku kuna fama da ƙanƙara, ni ina gumi. Wai ƙaron mangwaro ƙona fata yake, shi ya sa na sayi doguwar safa. In kaka ta wuce za mu sayi tsohuwar mota mu bi bakin teku har kudu, duk inda aiki ya samu mu tsaya."

"Ku wa?" in ji Gwaggo. "Ke da 'yar gidan mai kantin magani?"

"Ni da Narae mana."

Narae ƙawarta ce tun suna firamare, tare suka yi wasan ƙasa a layin nan. Ita ta fara kawo zancen tafiyar, ita ta zaunar da Dasom ta cike mata takardun biza, ita ta samo gonar. Turancinta ya fi na Dasom nesa ba kusa ba. Kujerunsu a jirgi ma a jere suke, ɗakin da suka kama a can gado biyu ne. In ba don Narae ba, Dasom ta sani, ko tashar bas ba za ta iya kaiwa ba.

"Bari ma in kira ta," ta ce tana laluben waya a aljihu. "Kullum sai ta tambaye ni ko na gaya maka. Yau kam za ta sha labari. Saksofon! Ba za ta yarda ba sai ta gani."

"Dasom," Baba ya ce.

"Minti ɗaya, Baba."

"Dasom, ajiye wayar tukuna."

Ta riga ta danna. Ta kara a kunne tana murmushi.

Kiran ya fara shiga.

A daidai lokacin wata waya ta ɗauki ƙara a bayan ƙofar gida.

Dasom ta cire tata daga kunne ta dubi ƙofar. Ƙarar ta ci gaba, kusa sosai, kamar mai ita ya daɗe tsaye a wurin ya kasa ƙwanƙwasawa.

"Shigo, 'yata," Baba ya ɗaga murya. "A buɗe take."

Ƙofar ta buɗe a hankali.

Narae ce. Gashinta a ɗaure tam cikin farin kallabi. Farin takalmin roba a ƙafarta, sabo fil, irin na Baba sak. Wayar na hannunta tana ta ruri, ta kasa kashewa.

Ta rusuna wa Baba. Ta rusuna wa Gwaggo. Ta kasa ɗago ido ta dubi ƙawarta.

"Narae?" Dasom ta ce, murmushin bai gama barin fuskarta ba. "Me kike yi da takalmin awara?"

Narae ta kashe wayar.

"Dasom... na mayar da tikitina."

*

Ni dai na ajiye alƙalami, robar ƙarshe ma ba a rufe ba. In ke ce Dasom, wace kalma ce za ta fara fita daga bakinki?